Injiniyan Dangi da Tauraro Ɗaya

Kawuna yana da shagon wankin hoto, kuma tun ranar da ya ji ina taɓa Linux ya naɗa ni injiniyan dangi, ba albashi, ba ko kuɗin mota. Wata Asabar ya aiko yaronsa, wai kwamfutar da suke tara hotuna ta cika maƙil.

Na tarar da folda guda cike da ƙananan hotunan gwaji, sun haura dubu ɗari. Na naɗe hannun riga na ce, "Kawu, kafin shayinka ya huce an gama." Na rubuta rm, umarnin goge fayil, na sa tauraro, na danna. Kwamfuta ta ce "Argument list too long", wato sunayen sun yi mata yawa. Na sake dannawa da ƙarfi, ko za ta ji kunyar baƙo. Ina!

Ashe rm bai ma san ana yi ba. Kafin a kira shi, shel, mai karɓar umarnin da aka rubuta, shi ne ke kwance tauraron nan ya mai da shi sunayen fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kanel, zuciyar tsarin. Kanel kuwa sai ya kwashe sunayen duka ya jibge a ƙwaƙwalwar sabuwar manhajar, a wurin da ake kira stak, kafin ya tayar da ita. Wurin yana da iyaka. Kafin Linux 2.6.23 na 2007, kilobayit 128 ne kacal. Daga nan aka mai da shi kashi ɗaya cikin huɗu na stak, wanda a yawancin injina megabayit 8 ne, ka ga an sami 2 ke nan. Kamar direban tasha ne: in kaya sun fi ƙarfin but, ba zai ɗauki rabi ba, motar ce ba za ta tashi ba.

Na zayyana wa Kawu wannan duka. Ya kurɓi shayi ya ce, "To Injiniya, ta goge ko ba ta goge ba?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na kira find da umarnin -delete, shi da ke bin fayiloli ɗai-ɗai, ba ruwansa da iyakar kanel. Nan da nan wuri ya buɗe, har ya fi yadda na yi tsammani. Na miƙe ina jiran yabo.

Sai yaron shago ya ce, "Yaya, ina foldar bikin gidan Alhaji?"

Shi rm in ba a ce masa -r ba, ba ya taɓa folda. Shi kuwa find har ƙuryar ɗaki yake shiga. Kamu, ɗaurin aure, kai amarya, duk ya share tas. Allah Ya taimaka katin kyamara yana nan ba a goge ba, amma kwafe shi ya kai ni har bayan Isha, Kawu na zaune yana kirana Injiniya duk bayan minti biyar.

Mai karatu, in za ka saki find a shagon kawunka, sa masa -maxdepth 1 don kada ya shiga foldojin ciki, kuma ka fara da -print ka ga abin da zai ci tukuna.