Ranar da Na Sasanta Duna da Sai-an-gani

Ɓarayin kaji ne suka addabe ni a 'yar gonata da ke bayan garin Zariya, na ce kare ɗaya ya yi kaɗan. Ina da Duna, baƙin kare da ya shekara 5 yana mulkin gonar shi kaɗai. Sai na je wurin wani mafarauci na karɓo wani jan kare siriri mai suna Sai-an-gani. Da ina da hankali, sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

A tunanina zumunci da ci ake fara shi. Na zuba ƙanzo da ƙasusuwa a kwano guda, na ajiye daidai inda Duna ke kwana. Na riƙe igiyar wannan a dama, ta wancan a hagu, na ja su tamau kamar mai sasanta kishiyoyi.

Duna ya miƙe wutsiya sama tana ɗan rawa. Na ce wa yaron gona, "Ka gani? Murna yake." Ya ce, "Maigida, gashin bayansa fa ya tashi." Bai rufe baki ba suka kaure. Suka kewaye ni sau uku, igiyoyin suka ɗaure mini ƙafafu kamar ragon layya, na kife cikin tulin kashin kaji da babbar rigar Juma'a. Ina kwance Sai-an-gani ya shinshina takalmina. Kun san sauran karin maganar.

Washegari na kai su allurar ciwon haukan kare. Likitan dabbobi ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ba a haɗa karnuka a gidan ɗayansu. A fili ake yi, inda ba na kowa ba. Mutum biyu su riƙe su, igiya sakwa-sakwa, a yi ta tafiya nesa da juna ana matsowa, har su shinshina juna don kansu. Abinci kuma kowa da kwanonsa. "Kai kuwa, Malam, ka haɗa musu rigimar gida da ta abinci, ka kuma tsaya a tsakiya!"

Muka bi shawararsa, cikin mako guda suka shaƙu. Yanzu da dare ya yi tare suke fita farautar zomo, su bar mini gadin kaji. Tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya tsinci takalmin ƙafar hagu a wajen Zariya, nawa ne.