Baƙin Zaki Ya Tafi Yawon Sallah

Duk wanda ya taso a ƙarshen shekarun 1980, kuma akwai talabijin a gidansu ko na maƙwabta, ya san abin da ke hana yaro zuwa aike da yamma: Voltron a NTA. Zakunan ƙarfe ne biyar, su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi, ya zare takobi ya raba dodon Sarki Zarkon gida biyu. Kullum haka ake ƙarewa, kullum kuma sai mun yi ihu kamar yau muka fara gani. Akwatinmu baƙi-da-fari ne, shi ya sa sai da na girma na san ashe kowane zaki da launinsa. Daga baya na ji cewa Japanawa suka ƙirƙiro shi a 1981 da sunan GoLion, Amurkawa suka yanke wuraren jini, suka raɗa masa sabon suna a 1984.

Cutar ta yi kwanciyar shekara talatin, ta tashi a Ƙofar Wambai. Na je sayo wa yara rigunan sanyi, sai mai gwanjo ya zazzage buhun kayan wasa, ga jan zaki kwance tsakanin 'yar tsana marar kai da takalmin jariri ƙafa ɗaya. Na ɗaure fuska irin ta dillalin awaki, na taya ɗari uku, ya ce albarka, muka daidaita a ɗari biyar. Cikin shekara huɗu na haɗa kore da shuɗi da rawaya. Matsalar ita ce, ja da kore hannuwa ne, shuɗi da rawaya ƙafafu. Kai da gangar jiki duk na baƙin zaki ne, shi kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba. Ga miya kala huɗu, babu tuwo.

A eBay na tsince shi, tsohon ƙirar Matchbox, har da kwalinsa. Ɗan baffana da ke karatu a Amurka ya saya ya taho da shi. Dala 150. Ranar da ya iso, uwargida ta juya shi a hannu ta ce, “Maigida, nawa ka sayi wannan kyanwar?”

Na ce, “Dubu uku.”

Ta ce, “An cuce ka.”

Da dare bayan kowa ya yi barci na haɗa su, ƙafafu suka shiga da 'yar ƙara ƙas, hannuwa suka biyo. Na tsayar da shi a saman kabad kusa da tangaran ɗin aurenta, na ja da baya ina kallo har aka ɗauke wuta.

Wata biyu na mori mulki. Ranar ƙaramar Sallah Yaya ta zo da jikanta ɗan shekara huɗu. Bai kalli hannu ba, bai kalli ƙafa ba, baƙin kawai ya nuna. Da aka hana shi ya zube yana birgima da sabuwar shaddarsa. Na ba shi cincin, na ba shi cinyar kaza, na ba shi sabuwar ɗari biyu. Har jan zakin na ɓalle na miƙa, ya yi jifa da shi.

Yaya ta ce, “Kai da furfura a gemu, me za ka yi da 'yar tsana? Ba shi mana.”

Na ce, “Yaya, ai ba ta wasa ba ce.”

“To ta ibada ce?”

Kafin in samo amsa uwargida ta tako ta ce, “Haba maigida, abin dubu uku? Gobe sai ka sayo wani.” Ta finciko kan Voltron da gangar jikinsa ta miƙa wa yaro. Ko dai in faɗi gaskiyar kuɗin a gaban Yaya, a watan da na rantse cewa atamfa ɗaya aljihuna zai iya, ko in haɗiye. Na haɗiye, har da cewa Allah ya raya.

Bayan kwana uku zumunci ya motsa mini. Na sayi mota mai rimot na nufi gidan Yaya da niyyar musaya. Na tarar da zakina a tsakar gida, an ɗaura masa igiya a wuya ana ja kamar motar langalanga. Fiffike ɗaya ya tafi, bakin nan cike da busasshen tuwo. Na durƙusa na yi wa yaro bayani kamar mai neman aure. Ya karɓi motar da dama, ya ƙanƙame zaki da hagu, ya ruga ɗaki. Yaya ta leƙo daga madafi tana sa mini albarka, wai duk dangi ba mai son yaron nan kamata.

Da uwargida ta ga na daina cin abinci sosai, ta ɗauki adashenta ta ƙirgo dubu uku cif ta ce in je in sayo wani, kuma wannan karon in taya da kyau. Kuɗin suna nan cikin kwalin, a saman kabad, zakuna huɗu na gadinsu.