Ranka Ya Daɗe, Sarkin Anjima

Duk mai aiki da kwamfuta ya san wani ɗan saƙo da ke leƙowa daga kusurwar allo, yana cewa an aiko da sababbin gyare-gyaren tsaro, a daure a kashe na'ura a sake kunnawa. A ƙarƙashinsa akwai zaɓi biyu: yanzu, ko anjima. Yau zan jinjina wa gwarzon da hannunsa bai taɓa kuskurewa ya danna na farko ba. Ba shi da suna ɗaya. A wani wurin shugaban asibiti ne, a wani wurin daraktan kuɗi ne da ya ga albashin mai kula da kwamfutoci ya yi yawa, a wani wurin kuma ma'aikaci ne da ke da taro ƙarfe goma. Ni dai na naɗa shi Sarkin Anjima, kuma wanda ke ganin rawanin ya yi masa girma, ya zauna ya ji tarihi.

Masu sana'ar suna kiran irin wannan gyara faci, kamar dai na taya ko na gwiwar wando. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gini ne na miliyoyin layukan rubutu, ba ya rasa tsaga, kuma in an gano tsagar sai kamfanin da ya yi ginin ya aiko da abin toshewa. Tun watan Oktoba na 2003 kamfanin Microsoft ya tsayar wa abin rana, Talata ta biyu a kowane wata, kamar cin kasuwar ƙauye. Fiye da shekara ashirin ke nan ana kawo wa Sarki faci har cikin ɗaki, kyauta, a ranar da ya sani, yana kawar da kai. Matsorata suna cewa ranar da faci ya fito ita ce ranar da aka yi shela cewa ga inda katangar gidan wane ta zube, domin ɓarawo ma yana karanta sanarwa, yana kuma kwance facin ya ga ramin da aka toshe. Sarki ya ji wannan duka. Gaggawa ai aikin Shaiɗan ce, shi kuwa mutum ne mai tsoron Allah.

Shekarar da martabarsa ta kai ƙololuwa ita ce 2017. Ranar 14 ga Maris, Microsoft ya fitar da faci mai lamba MS17-010, na wata tsaga a hanyar da kwamfutocin Windows ke miƙa wa juna fayil a cikin ofis ɗaya, ya kuma sa masa alamar mafi girman hatsari. Wata guda cif, ranar 14 ga Afrilu, wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka zube kayan aikin da aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, a fili a intanet. A ciki akwai makamin da ake kira EternalBlue, wanda aka ƙera shi don wannan tsagar ita kanta. Wato an sanar da kai ƙofarka ba ta kulluwa, an ba ka sabon kwado, sannan aka ɗauki mabuɗin tsohon aka jefar a tsakiyar kasuwa. Ƙaramin mutum da ya tashi tsaye. A Ingila, sashen da ke kula da kwamfutocin hukumar lafiya ta NHS ya aika wa asibitoci gargaɗi a Maris, ya sake aikawa a Afrilu. Sarki ya karɓa hannu bibbiyu, ya ajiye a inda ake ajiye takardun girmamawa. Kwana 59 ya yi yana dafa dutse.

Kafin in wuce, kada in ci haƙƙin Wazirin Sarki, wato NSA. Ita hukumar NSA ta daɗe da sanin tsagar, ta ga bai dace ta tayar wa mai gini hankali ba, sai ta ƙera makami a kai ta adana don ranar buƙata, har ɓarayi suka taya ta adanawa. Brad Smith, shugaba a Microsoft, ya kwatanta abin da a ce an sace wa sojan Amurka makamai masu linzami na Tomahawk. Ka ji mutumin da bai san darajar riƙe sirri ba.

Ranar Juma'a 12 ga Mayu romo ya nuna. Allon kwamfuta ya koma ja, da saƙo cewa an kulle duk abin da ke ciki, a biya dala 300 da kuɗin intanet na bitkoyin, in aka wuce kwana uku kuɗin ya ninka. Sunan baƙuwar WannaCry. Abin burgewa, ba ta jira wani ya danna komai ba, da ƙafarta take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura duk inda ta samu ƙofa a buɗe. Hukumar 'yan sandan Turai ta ce ta shafi mutane da ma'aikatu sama da 200,000 a ƙasashe 150. Wace gwamnati ce ta taɓa kai aiki ƙasa 150 a ƙarshen mako guda? Sarki ya kai, daga kan kujerarsa, ba tare da ya motsa yatsa ba. Ma'aikatan kamfanin mota na Renault a Faransa suka samu hutun da ba su nema ba. A tashoshin jirgin ƙasa na Jamus, allunan da suka saba nuna lokacin tashi, abin da kowa ya gaji da shi, suka koma nuna takardar neman kuɗin fansa.

Amma a asibitocin Ingila ne aka ga cikakken alherinsa. Aƙalla 80 daga cikin hukumomin asibiti 236 abin ya taɓa, da ɗakunan likitocin unguwa kusan 600. An soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, sassan gaggawa biyar suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Masu hassada za su kira wannan asara, har ma'aikatar lafiya ta lissafa ta ce fam miliyan 92. Ba su lissafa ribar ba. Likitocin da suka manta kamannin rubutun hannunsu sun koma ga biro da takarda. Ma'aikatan da ba sa gaisawa sai ta imel sun nemi juna ta WhatsApp a wayoyinsu na kansu, zumunci ya ƙaru. Mai jiran tiyata kuwa ya samu ƙarin kwanaki tare da iyalinsa.

Babbar hikimar Sarki ba ma a ƙin yin faci take ba. Tana wajen ƙin sanin wa ya yi, wa bai yi ba. Da ofishin mai binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya duba lamarin, ya tarar kafin ranar ma'aikatar lafiya ba ta da wata tsayayyar hanya ta gane ko asibitoci sun bi gargaɗin da ake tura musu. An taɓa zuwa an gwada tsaron kwamfutocin hukumomi 88 a cikinsu, babu ko ɗaya da ta ci jarrabawa, masu gwajin kuma ba su da ikon tilasta wa kowa ya gyara. Wannan shi ne adalci: aji guda ya faɗi, babu mai yi wa wani gori. Makiyayin da bai taɓa ƙirga awakinsa ba, kura ba ta taɓa ɗauke masa ko ɗaya ba, barcinsa yake har da minshari.

Gwada shi da abokin gabansa, wani bawan Allah mara armashi da ake samu a wasu ofisoshin. Yana da dogon jadawali: kwamfuta nawa ke gidan, wace iri ce, yaushe aka yi mata facin ƙarshe, wacce ce ke ɓoye a ɗakin ajiya tun zamanin tsohon manaja tana aiki ba wanda ya tuna da ita. Duk wata yana karanta sanarwa, ya ware mai hatsari daga mai jira, ya gwada a kan na'ura biyu ko uku, ya roƙi a ba shi daren Asabar ya kashe sauran. Mene ne sakamakon wannan wahala? Babu abin da ya faru. Shekara ta zagayo, babu abin da ya faru. Ta yaya za a kai wa hukumar gudanarwa rahoton babu? Daidai ne a rage masa kasafi. Shi kuwa Sarki jarumai yake haifarwa. Ba don shi ba, wa zai san Marcus Hutchins, saurayi ɗan shekara 22 a Ingila, wanda ya hango wani adireshin intanet a cikin WannaCry, ya yi masa rajista da abin da bai kai dala 11 ba, cutar ta tsaya cak? Mai jadawali har ya yi ritaya jarida ba za ta buga hotonsa ba.

Sarki kuma ba ya rasa amsa, wasu amsoshin ma da gaskiyarsu. Asibiti ba ya rufewa da dare. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki tana manne da tsohuwar manhajar da mai ƙera ta bai yarda a taɓa ba. Sai ya ɗauki uzurin na'ura goma ya lulluɓe dubu da shi, wanda hakan ƙwarewa ce a tattalin mayafi. Da ƙura ta tashi aka ɗora laifin a kan tsohuwa Windows XP, wadda aka daina yi wa faci tun Afrilu na 2014. Daga baya aka gano mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda facinta ke zaune yana jira tun Maris. An bar jaki an daki taiki, jakin ko gezau.

A 2024 ma Allah ya ba shi hujjar da zai ci har tsufa. Ranar 19 ga Yuli wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Ba facin Windows ba ne, ba a kuma nemi izinin kowa kafin ya sauka ba, amma wa ke bin wannan ƙwaƙƙwafi? Sarki ya gyara zama ya ce ai ya faɗa. Masarautarsa sai faɗi take yi. An daina yi wa Windows 7 faci a Janairu na 2020, Windows 10 ta bi sahu ranar 14 ga Oktoba na 2025, kuma da yawa daga kwamfutocin da Turai ta gaji da su a kasuwanninmu suke sauka a matsayin gwanjo, inda abu na farko da mai gyara ke yi wa sabon mai saye shi ne ya kashe masa sabuntawa don kada ta cinye data.

Na ajiye mafi daɗi a ƙarshe, domin a nan ne mu ma muka taka rawa. Mako shida da 'yan kwanaki bayan WannaCry, ranar 27 ga Yuni 2017, wata ƙanwarta mai suna NotPetya ta taso daga Yukren, tana amfani da tsagar nan dai da kalmomin sirri na sata, ta kuma tarar da isassun ƙofofi a buɗe, domin Sarki ba ya ɗaukar darasi daga yara. Ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk ta share. Sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar ta kama dala miliyan 250 zuwa 300. Na'urorin da ke riƙe da rajistar duk ma'aikata da izininsu, waɗanda in babu su ba a san ta inda za a fara ba, duk sun tafi sai guda ɗaya tak, a wani ofishin kamfanin a nan Afirka ta Yamma. Abin da ya tsirar da ita shi ne an ɗauke wuta kafin cutar ta iso. Ta Legas aka bi da faifanta a jirgin sama zuwa Landan. Don haka in asibitocin Ingila na neman tsarin tsaron da ba ya buƙatar jadawali ko daren Asabar, ranka ya daɗe, a turo su wajen masu wutarmu, akwai ƙwararru a kowace unguwa.