A Mubi Babu Wanda Ya Sayi Babur da Gangan

Tare duk mai babur da ka ga dama, daga Lokuwa har Wuro Patuji, ka ce masa, "Mutumina, yaya aka yi wannan abu ya shigo hannunka?" Zai gyara hula, ya shafa tanki, ya ce, "Wallahi ban yi niyya ba, rakiya na yi." Dukkanmu rakiya muka yi. Mun raka aboki wurin dillali, aboki ya taya aka ce albarka, ya koma gida a ƙasa, mu kuma muka koma a kan babur, alhali kuɗin yana ɗaure a aljihun wando tun da asuba, kuma mun kai wata uku muna bi ta ƙofar shagon nan muna yi kamar hanya ce ta biyo da mu.

Kowane babur namu farashi uku gare shi. Akwai na uwargida, wanda ake rage wa rabi a haɗa da "mai shi ne ya matsu, Maman Fati, kusan kyauta ya ba ni." Akwai na majalisa, wanda ake ƙara masa har sai mai shayi ya ɗago kai. Na gaskiyar kuwa daga Allah sai dillali, shi ma don ya ci la'ada ne bakinsa ya mutu.

Inda kuɗin ya fito, nan ake yin ta. Babu mai cewa ya ci bashi. Amma ku lura da lokacin da sababbin babura ke cika gari: bayan kaka ne, sa'ad da buhunan wake da masara da gyaɗa suka bar rumbu ba sallama. Wani sa ya kora kasuwar shanu, san da Baffa ya ba shi kiwo, yanzu haka yana cikin tirela ya nufi kudu, Baffa kuma ana ta gaya masa sa yana ruga yana ƙiba. Wani kwasar adashin matarsa ya ara "zuwa ƙarshen wata," bai dai faɗi wane wata ba. Ma'aikaci ya bi ta kofaretif, ana yankar albashinsa yana murmushi a kan hanya yana tsaki a gida. Su kuma 'yan Poli da 'yan jami'ar jiha, Allah ya shirya, iyaye a Michika da Hong da Maiha sun biya kuɗin furojet sau biyu, furojet ɗin ga shi can ƙarƙashin darbejiya da taya biyu.

Kada dattawa su yi mana dariya, gado muka yi. Da aka biya ma'aikata ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, ina kuɗin ya tafi in ba Honda da Suzuki da Vespa ba? Har gobe akwai tsohon da zai rantse maka babur ɗin Japan na lokacinsu ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya mutu ya bar shi. Daga baya Jincheng ta zo daga Sin ta sauko da babur inda talaka zai kai hannu, sannan Bajaj da TVS suka zo daga Indiya, Boxer ta zama jakar kowa.

To, a nan ne ƙaryar tamu take fure. Zuciyar kowane saurayi tana wurin babban babur na tsere, irin su Kawasaki Ninja da Honda CBR, masu injin si-si 600 ko 1000, waɗanda sai ka kwanta rub da ciki a kan tanki kafin ka kama kai. Aljihu kuwa iyakarsa Boxer mai si-si 100. Sai mu yi sulhu. A kai ta wurin bakanike, a cire madubai biyu, a huda salansa, a ɗage baya, a liƙa sitika mai cewa Ninja a gefe, a ƙasanta a rubuta "Hassada ga mai rabo taki." In ta taso daga Sabon Layi sai ka rantse jirgi ne zai sauka, ka kauce, ka jira, ka ƙara jira, sai ga ta tafe a hankali da buhun gawayi a baya. Ledar kujera kuma ba a cire ta, ko ta yage ta zama tsumma, don kada a ce babur ya tsufa. Hular kwano muna da ita, tana rataye a ɗaki lafiya lau.

Masu na gasken ma muna da su, tsiraru. Nasu ɗan kwatano ne, ya biyo ta Legas ko Kano a bayan mota, kuma labarinsa ɗaya ne ba ya canzawa: wani Bature ne ya hau shi sau biyu ya ajiye. Wannan Bature, ko wane ne shi, ya wadata Arewa da babura. Agogon gudu ya nuna sama da 200, amma tsakanin ramuka da awaki da Keke Napep da yaran makarantar allo, giya ta uku ma sai an fita bayan gari ake gaisawa da ita. In ƙaramin abu ya lalace, sai a yi waya Kano, Kano ta ce a jira Legas, Oga bakanike kuma ya ce, "Alhaji, bar shi a nan, zan yi masa dabara." Dabarar nan ce ke ƙarasa shi.

Akwai dai babura da ba ma yi wa dariya. A ƙarshen Oktoban 2014, da garin nan ya faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka watse, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. Ran nan wanda ke da tsohuwar Jincheng mai ɗigar bakin mai ya fi mai gidan bene arziki. Shi ya sa za ka shiga wani gida ka tarar da ita a jingine a zaure, taya a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ka taya a ce maka ba ta sayarwa ba ce. Sai dai ko a nan ba mu bar hali ba: duk shekara yawan mutanen da ta ɗauka a ranar ƙaruwa yake yi, bara shida ne, bana har da surukuwa da keken ɗinki.

Maganar jarkokin mai da hanyar Sahuda zuwa Kamaru kuwa, mu ba mu san komai ba. Zumunci muke zuwa yi. Laifinmu ne da 'yan uwa suka yi yawa a tsallake, kuma dukkansu da sefa suke yin godiya?

Abin da ya karya mana lago shi ne Mayun 2023, da aka cire tallafin mai. Mai Boxer ya koyi kashe inji a gangara, yana sayen rabin kwalba wurin 'yan cuwa-cuwa yana jijjiga tanki kusa da kunne. Mai babban babur kuwa ya gano cewa abin nasa ba na hawan kullum ba ne. Ranar Juma'a ake fito da shi, a wanke, a goge, a tayar, a murza totur sau uku unguwa ta shaida yana raye, a mayar da shi ciki. Sannan Alhaji ya tsayar da Napep, ya matsa wa mutum uku a baya, makullin Kawasaki a yatsa yana kaɗawa, yana gaya wa direba wai yau bayansa ne ke ɗan ciwo.