Motar Da Dillali Ya Rantse A Kanta

Duk wanda ya taɓa sarin aya a ƙasar Agye da Gazawa ya san ciniki ba ya kashe mutum, wurin kwana ne ke kashe shi. Tun kafin a ware Gazawa daga Agye a 2011 nake wannan sana'a. Da an fara haƙa sai mu bazu ƙauyuka, yau Gangara gobe Caduwa, mu yini muna ƙirga tiya cikin ƙura. Dare ya yi mu haye buhuna mu kwanta don tsoron masu dogon hannu, sanyin hunturu ya yi ta gasa mana aya a hannu, mu da muka zo sayenta. Kayan nan har Sifen ake kai su, amma mai sarinsu ba shi da ko matashin kai.

Shi ya sa da na ji wani kamfanin gyaran hanya zai yi gwanjon tarkacensa a Gidan Rumji, kuma cikin tarkacen har da gida mai taya, ban tsaya shawara ba. Ɗaki ne sosai, da gado da taga da ɗan wurin girki, a ciki injiniyansu ke kwana. Irinsa ne mutanen Amurka ke ɗaura wa manyan motoci kamar Ford F-150 su tafi hutu. Na biya, na dawo gida ina taƙama. Uwargida ta gama saurarena ta ce, "To Alhaji, da me za a ja shi?" Na ce mata wannan maganar maza ce. Sannan na fita zaure na zauna ina neman amsar.

A wurin masu sayar da motoci a Maraɗi aka nuna mini uku. Ta farko Hilux ce ta yayi, wadda takardarta ta ce tana jan har kilo 3,500 in tirelar na da birki. Da aka faɗi kuɗinta na yi mata addu'ar samun miji nagari na wuce. Ta biyu Peugeot 504 ce mai tamfol, haɗin Kaduna, ta girmi babban ɗana, kuma sai an tura take gaisawa da mutane. Ta uku ce ta shiga raina: tsohuwar a-kori-kura ja, fenti sabo fil, da oda mai ƙarar ta babbar mota. Dillali ya buga bonet ya ce, "Alhaji, wannan ko masallacin Juma'a ka ɗaura mata za ta ja." Na ce ya rantse. Ya rantse. Har yau ban ce ya yi kaffara ba, domin a kan ja ya rantse, ba wanda ya tambaye shi zancen tsayawa.

Akwai wani tsohon makanike da na ɗauko don ya duba mini inji, ya daɗe a garejin wani furoje a Agye. Maimakon ya saurari inji, sai ya buɗe ƙofa ya durƙusa, ya tofa yawu a babban yatsa ya goge wani ɗan faranti da ke manne a jikin motar. Ya nuna mini lamba biyu. Ta sama, wadda Faransawa ke kira PTAC, ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, "har da kai da tumbinka, Alhaji." Ta ƙasa, PTRA, ita ce iyakar mota da tirela a haɗe. A cire ta sama daga ta ƙasa, abin da ya rage shi ne rabon tirela in motar na cike. Ya ƙara da cewa tirelar da ba ta da birkin kanta ba a son ta wuce kilo 750, ko da motar ta fi haka ƙarfi. Ya tambayi nauyin gidana. Na ce farantinsa ya nuna 1,300, ba kaya. Ya tambayi birkinsa. Na tuna na ga maigadin kamfanin ya cire wayar birkin yana shanya a kanta, amma na ce lafiya lau.

Ni dai ra'ayina a lokacin, kuma ban gama sauka daga kansa ba, shi ne Bature don hanyarsa ya rubuta lambobin nan. A nan ƙasar motar da aka yi don mutum biyar tana ɗaukar ƙauye guda ranar kasuwa, da rago a saman kaya, ta je ta dawo. Makanike ya karɓi kuɗinsa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sau uku ya faɗa.

Na sayi motar, sai dai ba ta da ƙugiyar ja. Makanike ya ce a sayi ta asali mai dunƙulen ƙarfe a ɗaure ta da kusoshi a jikin shasi, a ƙara da sarƙar tsaro. Mai walda na unguwarmu ya ce duk ɓarnar kuɗi ce. Ya yanko guntun akselin amalanke ya liƙa a bamba ta baya, ya ce tun da ya fara sana'a waldarsa ba ta taɓa saki ba.

Ashe labari ya riga ni isa Gidan Rumji cewa Alhaji zai tafi gabas da ɗaki fanko. Na tarar da buhunan gero da wake na dangi, da injin markaɗe, da kawun uwargida zaune bisa kujera da butarsa da rediyonsa, zai je biki Agye. Na ce, "Kawu, ga gaba nan kusa da ni." Ya ce shi da ya ga gado ba zai zauna a kujera ba. Na ce ba a shiga tirela tana tafiya. Ya ce tun ban san hanyar gidansu ba yake hawan bayan mota. Gadon a gaba yake, kuma Kawu ba ya son ƙaiƙayin gero, don haka aka jibge kayan duka a can ƙarshen ɗakin, bayan tayoyi. Makanike ya riga ya faɗa mini cewa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya kamata ya danne ƙugiya, mafi yawan kaya su zauna gaban tayoyi. Namu kuwa hancinsa ya yi sakayau, har yaron motata ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Na ce wannan alamar sauƙi ce daga Allah.

Daga Gidan Rumji zuwa Tibiri sarauta na yi. Yara na bin mu da gudu, masu babur na ɗaga hannu, ni kuma ina ta danna oda. A wurin biyan kuɗin hanya ne na fara jin wani abu. Na taka birki, mota ta yarda, gida ya ƙi. Ya turo mu a hankali har muka tafi da igiyar shingen. Jandarma ya dubi permi ɗina ya ce wannan na ƙaramar mota ne, mai jan tirela irin wannan sai da na E. Muka daɗe muna fahimtar juna.

Bayan Caduwa kwalta ta miƙe, na ga ba dalilin da zai sa mai gida guda ya riƙa rarrafe. Allura ta kai 70. Wata babbar bas ta Damagaram ta wuce mu da iskarta, sai na ga gida a madubin hagu. Na sake dubawa, na gan shi a na dama. Ya dinga kaɗawa kamar wutsiyar saniya a lokacin ƙuda, yana jan bayan motar duk inda ya nufa. Makanike ya riga ya ce in haka ta faru a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sak, kada a danne birki. Ƙafata ba ta halarci wannan karatu ba. Na danne. Aka ji ƙara, sannan motar ta yi wani irin sauƙi mai daɗi. Yaro ya taɓa ni ya ce, "Patron, ga gidanmu can zai wuce mu."

Gaskiyar mai walda ce, waldarsa ba ta saki ba. Bambar ce gaba ɗaya ta bar motar ta bi gidan. Ya sauka daga kwalta ya shiga wata gonar aya da aka gama haƙa, rairayin da aka tankaɗe ya riƙe tayoyinsa, ya tsaya cak taku kaɗan kafin wani gawo. Matan da ke tankaɗe suka ajiye rariya. Ƙofa ta buɗe, Kawu ya sauko da buta a hannu, hula a karkace, gero har cikin aljihu. Ya dubi gawo, ya dube ni can bakin hanya, ya ce, "Wa ke tuƙa wannan?" Wata tsohuwa ta faɗi zaune don dariya.

Mai gonar mutumin kirki ne. Bayan ya ƙirga abin da ya ce mun tattake, ya kawo bijimansa biyu na huɗa. Su suka fid da gidan, su kuma suka kai shi Agye ta hanyar amalanke, ni ina biye a a-kori-kura ba bamba. Duk inda yaron shanun ya ce su tsaya sai su tsaya, gidan ma ya tsaya.

Gidan na nan Agye bisa duwatsu huɗu, wani yaro na cajin waya a ciki yana ba ni haya. Motar na ɗaukar aya tsakanin Gazawa da Maraɗi, ni kuma na koma kwana bisa buhu. Kawu ya daina amsa gaisuwata sai an biya shi rediyonsa, wanda ya ce ya fita ta taga. Don Allah duk wanda ya tsinci baƙin rediyo mai ɗaure da roba tsakanin Caduwa da Agye ya kai wa mai cajin waya, akwai tukuici.