Fadarmu da Sarewar Yakuba

Kowace fada a Dogon Dutsi da abin da aka san ta da shi. Wata hirarta ƙwallo, wata kokawa da wanda zai ɗauki takobi bana, wata kuma siyasa har a raba dare. Tamu, ta waɗanda suka yi jami'a a Yamai daga ƙarshen shekarun 1990, an san ta da kiɗan ƙungiyar Mamar Kassey. Da an idar da isha'i, an hura gawayi, an ɗora butar shayi, sai wani ya zaro salula ya jefa ta cikin kwanon silba don sauti ya ƙaru. Sarewar Yakuba Mumuni na tashi, hira ta tsaya cak.

Matasan unguwa kan leƙo su ce, "Baba, yau ma ita ce?" Mu ce ita ce, gobe ma ita.

Ba a nan muka san su ba. Mun bar Dutsi, Matankari da Tibiri, muka bi kwalta ta Dosso, muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Shekaru ne masu wuya. Yajin aiki ba ya ƙarewa, kuɗin tallafin ɗalibai sai a yi wata da watanni ba a gan su ba, iyayenmu ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi. A 1999 aka kashe Shugaba Bare Mainasara, aka kawo gawarsa Dumega, nan ƙasar Arewa. A shekarar ce kuma Denké-Denké ya fito, kundin farko na ƙungiyar da Yakuba ya kafa da Abdallah Alhassane a 1995, bayan sun goge a cibiyar koyon kiɗa ta Taya da ke Yamai.

Rediyo ɗaya ce a ɗakinmu, mai cin kaset, murfinta ɗaure da roba. In batir ya yi sanyi sai a shanya shi a rana. In zaren kaset ya sarƙe, a sa biro a naɗe shi a hankali, in ya tsinke a liƙa da jan farce. A wannan ɗaki akwai Bazabarme, akwai Bafulatani, akwai ɗan Damagaram, ga mu Arawa. Mamar Kassey suna waƙa da Zabarmanci da Fulatanci, wani lokaci da Hausa, saboda haka kowa ya zama tafintan ɗan'uwansa. Da yawanmu a bakin wannan rediyo muka fara jin Zabarmanci sosai. Nan kuma abokanmu suka ba mu labarin jarumin Songhai da ƙungiyar ta ci sunansa, yadda kakanninsu suka ba su, mu ma muka rama musu da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu.

Kiɗan ma fa ya isa. Molo da kalangu da ƙwarya suna tafiya tare da gita ba wanda ya danne wani, sai sarewar ta bi ta samansu, Yakuba yana busa yana haɗawa da muryarsa a cikin busar, yadda makiyaya ke yi. Shi kansa kiwo ya yi yana yaro a yankin Tera kafin ya zo Yamai. Duk wanda ya tashi a Dallol Mawri ya san wannan sauti tun bai san sunan kowane mawaƙi ba, domin da kaka, in an cire amfanin gona shanu suka sauko, shi ake ji daga nesa. Abin da ya kama mu ke nan: kiɗan birni ne, amma muna jin gida a ciki. Fulani taubasanmu ne, kuma har yau maƙwabcinmu Bafulatani in ya ratsa ta gaban fadar sai ya tsaya ya ce, "To, bayina, kun ji busar iyayen gijinku?" A kwashe da dariya, a miƙa masa kofin farko.

Yaranmu suna da nasu. Ƙannenmu da suka biyo bayanmu Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka riƙa, na yanzu kuma waƙoƙin Kano ne cike da wayoyinsu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kowa da abin da ya raka shi lokacin ƙuruciya. Abin da nake roƙonsu kawai, su zauna su saurari waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da sun latsa ta gaba ba.

Matanmu ma sun shigo ciki. Uwargidan wani abokinmu, wadda ba ta taɓa zaman Yamai ba, ita ke tuna masa in katin wayarsa ya goge: "Malam, a je a sake zuba mana waƙoƙin nan." Mai zuba waƙoƙi a bakin tasha ya riga ya ware mana jaka guda a kwamfutarsa.

Gardama ɗaya ce ba ta mutu ba a fadar: tsakanin Denké-Denké da Alatoumi da ya biyo bayansa, wanne ya fi? Malamin lise da ke cikinmu ya ce na biyun ya fi nuna, hannun makaɗan ya zauna. Ina jin hujjarsa, kuma gaskiya ce. Ni dai ina bayan na farko, kuma ran Juma'a da dare, da yake ni ke sayen sukari, Denké-Denké ake fara sawa.