Bazazzage da Karan-Ɗori

Bawana Bazazzage! Labarin abin da ka yi ranar Asabar a Gyaɗi-Gyaɗi ya iso ni, kuma ba zan rufa maka asiri ba.

An ce ka tsaya a bakin Titin Zariya, gaban wani mai rubuta allunan shaguna, kana ta kumfar baki wai ya rubuta ice cream babu ɗan karan nan a tsakiya. Har da cire tabarau, kana cewa a Zazzau aka yanke wa boko cibiya. Kaico, ka fi mai kora shafawa! Masu harshen Turancin ma sun yar da karan a wannan kalma. A 2007 ƙamus ɗin Shorter Oxford ya tsige karan-ɗori daga kalmomi wajen 16,000. Wasu ya manne su wuri guda, kamar bumblebee, wasu ya raba su, har da ice cream ɗin da ka tara jama'a a kansa. Yaron ya fi ka gaskiya, sai ka koma ka ba shi haƙuri.

Abin dariyar shi ne, inda karan yake da aikin yi, can ka watsar da shi. Da azahar ka turo mini saƙo: "Ina Farm Centre, a daidaita sahu nake jira." Na ce masha Allah, yau bawana ya sami jam'i. Ashe keke mai ƙafa uku kake jira ya kai ka Tarauni cin tuwon banza!

A Hausa, ɗan karan nan shi ke ɗaure kalmomi su zama suna guda. Barkonon tsohuwa na miya ne, barkonon-tsohuwa kuwa na 'yan kwantar da tarzoma. Ka rikita su ka ga yadda za a tashi daga cin abinci. Ci-ma-zaune ma haka ake rubuta shi, ka riƙe da kyau don ranar cike takardar sana'a.

Ko sunan unguwarmu ka rubuta shi Gyaɗi Gyaɗi, kamar mai in'ina, alhali kuna da Tukur-Tukur a gida. Ban yi mamaki ba. Mutumin da har yau yake cewa "matana ya zo", wa zai tambaye shi karan-ɗori?

Na san za ka rama. Idan ka tashi, ka sa wa Zage-zagi karansu, ka kuma kula da wasalin ƙarshe, don tsakaninku da zage-zage harafi ɗaya ne tak.

Ubangidanka na Gyaɗi-Gyaɗi.